Ranar da Na Ƙaryata Mijina a Gaban Likita

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman Abuja, wasu ma sai an tuna mini, amma ranar da na buɗe baki na ƙaryata mijina a gaban likita, kuma a gaban maigidansa, ba za ta taɓa fita daga raina ba. Yaranmu da suke firamare a lokacin yanzu sun fi ni tsawo. Duk da haka, har yau in na ji an ce wa mara lafiya ya jiki, ya amsa da sauƙi, sai na ɗaga kai na kalli fuskarsa da kyau.

A Kubwa muke zaune. Ni ɗinki nake yi a wani ɗan shago kusa da kasuwa, shi kuma direba ne a gidan wani babban ma'aikacin gwamnati a Maitama. Da an sallame asuba zai kama bas ya shiga gari, sai bayan magariba mu gan shi. Mutum ne mai haƙuri har ya yi yawa, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Ni kuwa tun ina yarinya aka san ni da baki. Innata kan ce ko a cikin barci ban iya yin shiru ba. Abin mamaki, a lokacin da aka fi bukatar bakin nan nawa, sai na kulle shi har sati uku.

Akwai wani sirri da ni da shi kaɗai muka sani. Ganinsa na nesa ya fara raguwa, har allon hanya sai ya zo kusa yake iya karantawa. Da wani ne, gilashi zai je a yanka masa a wuce wurin. To amma direbobin layinsu, waɗanda suke zama a gindin bishiya suna jiran a kira su, sun yi ittifaƙin cewa duk direban da ya fara sa gilashin magani, kwanansa a bakin aiki ya ƙare. Hujjarsu ita ce wani dattijon direba na gidan maƙwabta, wanda ya sa gilashi, ba a yi wata biyu ba suka daina ganinsa. Ba wanda ya taɓa tambayar dalilin tafiyarsa. Sai Malam, mijin nawa, ya je wani shagon tabarau aka ba shi kwantak, wato ɗan gilashin roba mai laushi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, ba mai gane kana sanye da shi. Kusan shekara biyu yana sa shi da safe, ya cire in ya dawo, ya ajiye a wani ɗan mazubi mai rami biyu, cikin ruwan magani na kwalba.

Nan ne nawa laifin ya shigo. Ni mace ce mai tsafta, kuma ina alfahari da hakan. Kullum in ya fita sai na ɗauki ɗan mazubin nan na wanke shi tas da ruwan famfo, wanda yake saukowa daga tankin da ke saman gidan hayarmu. In na ga ruwan kwalbar ya yi ƙasa, sai na ɗan ƙara masa na famfon, ina cewa ai ruwa ruwa ne, ga shi garau har ana shan sa. Shi kuma kullum yana watsa ruwa a fuska wajen alwala da abin nan a idonsa, a duk famfon da lokacin salla ya riske shi. Wanda ya sayar masa bai ce komai game da ruwa ba, ko kuma ya faɗa cikin turancin da Malam bai tsaya ya fahimta ba.

Cikin damina abin ya fara. Idonsa na hagu ya yi ja yana ta zubar da hawaye, muka ce apolo ne, ciwon idon nan mai yaɗuwa. Mai kemis ya ba shi wani maganin ɗigawa, jan ya ɗan lafa kwana biyu, har na ce masa ka gani ko. A kwana na uku ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Ya daina sa kwantak, tuƙi ya gagara, sai oga, wato maigidansa, ya aiko masa da katin asibitin da iyalan gidansa suke zuwa.

Likitan da muka fara gani saurayi ne mai fara'a, layi cike a ƙofarsa. Ya ce, "Malam, ya jiki?" Malam ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Ya haska idon, ya ce, "Kana sa wani abu a ido?" Malam ya ce, "A'a." Ina zaune a bayansa na naɗe hannu kamar matar kirki, na zuba wa yatsun ƙafata ido. Aka rubuta mana magani. Sau uku muna komawa, sau uku ana wannan tambayar, sau uku yana ba da wannan amsar, likita kuma yana rubuta abin da aka faɗa masa.

A gida kuwa babu wani sauƙi. Haske ya zama abokin gabarsa. Muka sauke labule bai isa ba, sai da na kafa bargo a taga da ƙusa. Hasken waya kaɗai in ya faɗa masa a fuska sai ya dafe kai. Wata rana da azahar na dawo daga shago ban gan shi a ɗaki ba, na same shi a ɗan ɗakin da muke ajiye buhun abinci, saboda nan ne ya fi duhu, ya cusa tawul a baki don kada yara su ji nishinsa, yana buga goshi a bango a hankali. Na riƙe shi. Ya ce, "Maman yara, kamar ana goga mini fasasshiyar kwalba a ciki." Ba a yi awa ɗaya ba maƙwabta suka shigo dubiya, ya gyara zama ya ce musu da sauƙi. Ni ma da na raka su ƙofa abin da na ce ke nan, da sauƙi, mun gode. Haka aka tashe mu. Mara lafiya ba ya kai ƙara, musamman namiji, kamar in ya ce da zafi ya nuna bai yarda da ƙaddara ba ne.

Ranar na tare shi. Na ce, "Malam, me ya sa ba za ka gaya wa likita maganar kwantak ba?" Ya ce, "Katin na wa ne? Na oga ne. Abin da na faɗa a asibitin nan da safe, kafin la'asar ya isa Maitama." Na ce, "To zafin fa? Shi ma oga ne ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Ki bar maganar nan. Na ce ki bar ta." Tunda muka yi aure bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba, sai na bar ta. Amma tun daga ranar na ƙulle ɗan mazubin nan a hankici na jefa a jakata, ina zuwa da shi asibiti ina dawowa da shi, na kasa fito da shi. Cikin duk abin da ya faru, wannan sati ukun ne ya fi ci mini rai.

Wata safiya ina goge masa hawaye na ga wani abu a kan baƙin idon, wani zagaye fari-fari, kamar shatin da kofin shayi yake bari a kan tebur. Na rufe masa ɗaya idon, na ɗaga yatsu uku na ce nawa ne. Ya ce biyu. Na ɗaga biyar, ya ce, "Daina wasa, sauke hannunki." Nan na san bai ga komai ba.

A ƙarshen satin sai ga oga da kansa a Kubwa, shi ya tuƙo motarsa, bayan ya ɓata a layukanmu har sai da mai kanti ya nuna masa gidan. Dattijo ne mara yawan magana. Ya shiga ɗakin nan mai duhu, ya dube shi, ya ce, "Ku tashi. Akwai likitar ido da na sani." Malam, da tawul a ka, har ya miƙa hannu zai karɓi makullin mota. Oga ya ce, "Shiga baya, malam, yau ni ne direba."

Likitar mace ce babba, 'yar arewa, mai magana a natse. Ta bar oga ya shigo ya tsaya a gefe. Ta sa Malam ya ɗora haɓa a kan wata na'ura, ta daɗe tana leƙawa, hawaye na bin kumatunsa. Ta ce, "Malam, yaya zafin?" Ya ce, "Da sauƙi, likita." Ta ɗan dube shi. "Ka taɓa sa kwantak?" Ya ce, "A'a." Ta koma kujerarta ta ce abin da ta gani yana kama da ciwo iri biyu, kuma maganin da ake haɗa wa na farkon yana iya ƙara wa na biyun ƙarfi. Ta ce tunda zafin ba mai tsanani ba ne kuma ba ya sa komai a ido, za ta ɗauka na farkon ne. Ta jawo takarda ta fara rubutu.

Ina kallon bakin biron nan yana tafiya. Na kalli bayan kan mijina, na kalli takalmin oga. Na san in na yi magana na tona masa asiri a gaban mutumin da yake ɓoye wa, wataƙila aikin ya tafi, wataƙila ma ya daɗe bai yafe mini ba. Na kuma san aiki ana samun wani, amma idon da ke cikin kan nan guda biyu ne kacal, ɗaya kuma yana tafiya ina kallo.

Na ce, "Likita, ba gaskiya ba ne."

Malam ya ce, "Ke!" a hankali, ko juyowa bai yi ba. Ni kuwa bakin ya riga ya buɗe. Na ce ba sauƙi ko kaɗan, mutumin nan tawul yake cizo, bango yake bugawa da goshi, sati uku rabonsa da ganin rana. Na kwance hankici na ajiye ɗan mazubin a kan teburinta, na ce shekara biyu yana sa wannan, da shi yake alwala. Sannan na faɗi wanda ya fi mini nauyi, na ce ni nake wanke mazubin, ni nake ƙara masa ruwa.

Ta ce, "Hajiya, wane ruwa?"

Na ce, "Na tanki."

Ta ɗauki takardar da ta fara rubutawa ta yage ta biyu. Ta yi mana bayani yadda za mu gane. Ta ce akwai wata ƙwayar halitta ƙarama da ido ba ya gani, tana rayuwa a ruwa, har wanda ya yi garau, na tanki ko na rijiyar burtsatse. Yawanci ba ta yi wa kowa komai. Amma in ta samu ta shige ƙarƙashin kwantak, sai ta maƙale a nan ta fara cin fatar gaban ido. Ta ce ciwon ba kasafai ake samun sa ba, likita zai iya daɗewa yana aiki bai gamu da shi ba, kuma abu biyu ne suke sa a yi zarginsa, zafin da ya wuce abin da ake gani a idon, da kuma haɗuwar kwantak da ruwa. Wato daidai abu biyun da muka ɓoye. Ta ɗan kankaro wani abu daga idon don gwaji, ta riƙe mazubin shi ma. Da za mu fita ta ce mini, "Ban yi miki alkawarin ganinsa zai dawo yadda yake ba. Amma da kin bar ni na gama rubutun nan, wataƙila nan gaba maganar cire idon za mu yi."

Muka shiga mota muka hau babban titi. Can oga ya gangara gefe ya tsaya. Ya cire gilashin da ke fuskarsa ya juyo yana nuna wa Malam. "Haba, malam! All this time? Shekara nawa kana tuƙa ni ina sanye da wannan? Ni da ba na iya sa hannu a takarda sai da gilashi, ni ne zan kore ka saboda gilashi?" Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, direban gidan maƙwabta fa..." Oga ya ce, "Shi ya roƙi a sallame shi, 'ya'yansa suka ce ya dawo gida ya huta. Ni na rubuta masa takardar shaida." Ya mayar da gilashinsa ya tayar da mota. Ban san lokacin da na ce, "To ka ji!" ba, kuma ban kyauta ba, na sani.

Kwana huɗu Malam bai yi mini magana ba sai ta dole. Matsalarsa ita ce ba shi da yadda zai yi da ni, domin gwaji ya tabbatar da zargin likita, kuma maganin a farko kowace awa ake ɗiga shi, ba dare ba rana. Samun maganin ma wani yaƙi ne. Ba a sayar da shi a kemis, sai an haɗa shi a ɗakin magani na wani babban asibiti. Aka ce mini in dawo gobe, na dawo, aka ce wanda yake haɗawa ya fita. Sai na samu benci a ƙofar na zauna, na fito da rigar da nake yi wa kalmasa na ci gaba da aikina, duk wanda ya wuce in gaishe shi in maimaita masa abin da ya kawo ni. Kafin azahar aka kira mutumin a waya, ina jin don su rabu da ni ne. Maganin yana son sanyi, wutar Kubwa kuwa sai ta ga dama, sai maƙwabciyata mai sayar da ƙanƙara ta ba ni ƙaramar kula, kullum ta aiko da ƙanƙara sabuwa.

Na kuma kafa doka a gidan. Na ce daga yau kalmar da sauƙi ta haramta a bakin Malam har sai ta zama gaskiya. In na tambaye shi, dole ya ce mini yau kamar barkono ne, ko kamar allura, ko kuma fasasshiyar kwalbar ce ta dawo. Ina rubutawa a bayan littafin da nake ɗaukar awon masu ɗinki, ranar asibiti in miƙa wa likita. Ranar farko ta yi dariya, amma ta karanta shi tsaf, kuma da shi take sanin ko ta ƙara magani ko ta rage.

A rana ta biyar, ina riƙe da fatar idonsa zan ɗiga masa, maganin da yake cewa ya fi ciwon zafi, sai ya ce, "Ke ma ai kin tona kanki." Na ce, "Na tona." Ya ce, "Ba ki ji kunya ba?" Na ce, "Na ji, har yanzu ma ina ji. Buɗe idon." Ya buɗe. Shiryawarmu ke nan.

Muna cikin wata na uku likita ta kira ni gefe ta ce akwai wadda take so in yi wa magana. Wata dattijuwa ce daga Kuchigoro, cikin waɗanda rikici ya koro daga arewa maso gabas. Ita ko sunan kwantak ba ta taɓa ji ba. Kara ne ya soke ta a ido a gonar da take ƙwadago, ta wanke da ruwan kududdufi. Tana zaune ta rufe fuska da mayafi, na ce, "Mama, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, 'yata." Na zauna kusa da ita na kama hannunta na ce, "Mama, ni ma na yi wannan ƙaryar, saura kaɗan ta cinye idon mijina. Gaya mini yadda yake yi miki, ni zan shiga in faɗa." Sai ta fashe da kuka, ta faɗa mini. Na shiga da ita, na zama bakinta.

Daga nan abin ya zame mini aiki. Ba mu da yawa, ko benci biyu ba za mu cika ba: dattijuwar nan, wata amarya da ta sa kwantak mai launi don kwalliyar biki, wani ɗalibi, da 'yan uwansu. Muka buɗe zaure a waya. In sabon mara lafiya ya zo, ɗayanmu zai raka shi, mu nuna masa ƙofar da ake zama a samu magani, mu ara masa kula, mu gaya masa gaskiya cewa abin zai ɗauki watanni kuma maganin yana da zafi, kada ya daina. A shagona kuwa, duk amaryar da ta zo awo sai ta sha wa'azi: in za ki sa kwantak, ki cire kafin alwala da wanka, ki busar da hannu kafin ki taɓa shi, kada ruwan famfo ya kusance shi ko mazubinsa. Wasu suna cewa Maman ɗinki ta zama likita. Ba na damuwa.

Wajen wata na takwas, wata safiyar Juma'a, na shigo daga tsakar gida na ga ɗakin ya yi haske. Malam ne da kansa ya ciro ƙusoshin ya sauke bargon nan daga taga, yana tsaye rana tana dukan fuskarsa, idanunsa biyu a buɗe. Maƙwabciyata mai ƙanƙara ta leƙo da kularta ta ce, "Malam, ya jiki?" Sai ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Maman yara, an ba ni izini?" Na ce, "Faɗi gaskiya dai." Ya ce, "Da sauƙi." Ni da ban yi kuka a gaban likita ba, ban yi a ƙofar ɗakin magani ba, nan na zauna a bakin gado na yi shi son raina.

Idon yana nan a mazauninsa. Ya bar farin tabo, kuma yana gani da shi kamar ta bayan labule mai shara-shara, amma yana gani. Likita ta gwada shi da gilashi ta yarda ya koma tuƙin rana. Ranar da ya koma Maitama da ƙaton gilashinsa a fuska, ya ce mini kafin sati ya zagayo direbobi biyu a gindin bishiyar nan sun fito da nasu daga aljihu.

Abin da na koya shi ne, haƙuri daban, ɓoye ciwo daban. Allah da ya jarrabe ka ya san zafin da kake ji, amma likita bai sani ba sai an gaya masa, kuma da abin da ka faɗa zai yi maka aiki. In mara lafiyarka kunya ko tsoro ya ɗaure masa harshe, kai da ka rako shi ba rakiya kaɗai ka zo yi ba. Ka yi magana, ko zai yi fushi da kai. Nawa ya yi fushin kwana huɗu, yau kuma da idanunsa biyu yake harara ta in na cika surutu.